Tun ina amarya nake dafa wa mutane, ina so in je Akra a dafa mini

Assalamu alaikum Anti. Ni mai sayar da waakye ce, wato shinkafa da wake, a Aboabo, nan Kumasi, shekarata 47. Maigidana ya rasu shekara shida ke nan, yara sun tasa, babbar ma ita ke taya ni a rumfa. Tun ina amarya nake tashi ƙarfe uku na dare in hura wuta. Bana na kwashi adashi, sai raina ya ba ni in je Akra ni kaɗai in yi kwana uku ko huɗu. Ba biki, ba gaisuwar mutuwa, ba sarin kaya. In zauna kawai in ci abincin da wani ya dafa, in sha abu mai sanyi, in ga teku. Da na faɗa, yayana ya ce mace ba ta tafiya haka siddan, maƙwabta kuma suka ce ko miji nake nema. Ƙanwata tana aure a Madina, wata unguwa a can Akra. Na san in na sauka gidanta washegari ni ce a bakin murhu, in kuma na kama ɗaki a waje za ta ce na raina ta. Ga tsoron cin abin da bai halatta ba a garin da ban sani ba sosai. Har kunyar zama ni kaɗai ina cin abinci a bainar jama'a nake ji. Anti, in fasa ne?

Wata uwa daga Aboabo

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari.

Kada ki fasa. Kuɗin guminki ne, ba bashi kika ci ba, ba jari kika taɓa ba, kuma abin da kike so ba saɓo ba ne. Maganar maƙwabta ba zan ɓata miki lokaci a kanta ba. Da gaisuwar mutuwa kika ce za ki, da har saƙo sun ba ki ki kai musu Nima, zangon nan na Akra.

Yayanki kuwa a ba shi girmansa. Ki je gidansa da kanki, ki zauna, ki faɗa masa ranar tafiya, motar da za ki shiga, unguwar da za ki sauka, ranar dawowa, da cewa daren ƙarshe gidan ƙanwarku za ki kwana. Sau da yawa abin da ke ɗaga hankalin namiji a irin wannan rashin sanin inda za a same ki ne. In kuma batun muharrami yake nufi, wannan magana ce ta malamai, kuma sun yi saɓani a kanta: akwai masu tsanantawa, akwai masu sauƙaƙawa idan hanya tana da aminci kuma tafiyar cikin jama'a ce. Ni ba malama ba ce. Ki tambayi malamin da kika yarda da iliminsa, ki tambaye shi da gaskiya, ba don neman wanda zai faɗi abin da kike so ba. Sai dai zan so a yi adalci. Matan zango nawa ne suke shiga mota su kaɗai zuwa Techiman ko Ejura sarin wake, ba wanda ya ɗaga kai? In tafiyar neman kuɗin tuwon gida ta wuce ba gardama, ta hutun kwana uku ma a auna ta da mudu ɗaya. In kin je wurin malamin, ki haɗa da tambayar ƙasaru, don tsakanin Kumasi da Akra kusan kilomita 250 ne, ya zarce nisan da ake rage salla da nisa.

Ƙanwarki ce ainihin matsalar, kuma kin karanta ta daidai. In kika sauka Madina, ba wanda zai ce ki shiga kicin. Ke ce za ki ji ana soya albasa ba yadda kike so ba, ki miƙe ki karɓi ludayi. Kafin ki ankara kin dafa wa gidan abincin kwana uku, kin raka ta barka, kin je duba surukarta, kin koma Kumasi da ciwon baya. Saboda haka ki kama ɗaki. Amma kada ki ɓoye mata, don Akra duk girmanta ba ta ɓoye 'yar zango: wata za ta gan ki a kasuwar Nima, labari ya riga ki isa Madina, kuma wannan ne zai yi mata ciwo, ba ɗakin ba. Ki kira ta tun kina gida. Ki ce mata: "Ƙanwata, na gaji, ina so in yi kwana uku ba wanda ya san fuskata. Juma'a bayan masallaci taki ce, gidanki zan kwana, kuma hannunki nake so in ci." Za ta yi ƙorafi, ki bar ta ta yi. Wadda aka ce girkinta ake marmari fushinta ba ya nisa.

Ki tashi ranar Talata da sassafe. Manyan motocin da ke tashi daga Asafo suna sauke mutane a wajen shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Circle. Tafiyar awa biyar ce, wani lokaci shida ko fiye in hanyar Nsawam zuwa cikin gari ta cushe. Na zaɓi Talata da dalili. A al'adar masuntan ƙabilar Ga, 'yan asalin Akra, ba a fita teku ranar Talata, don haka ba ki rasa komai ba in kin ƙarar da ita a mota. Laraba ce ranar kasuwar Nima, Alhamis jirage sun koma ruwa, Juma'a ga masallaci. In da hali kada ki sa tafiyar a watan Yuni, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi. Mutanen Akra ba su manta ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 a Circle ba. Disamba kuma ɗakuna kan yi tsada saboda baƙi masu zuwa hutun ƙarshen shekara. Agusta ya fi: gari da sanyi-sanyi, kifi ya wadata, kuma lokacin Homowo ne, bikin kaka na mutanen Ga, in kin yi sa'a ki ga yadda suke yayyafa kpokpoi, abincin masara na bikin, a unguwanninsu.

Masauki ki nema a Kokomlemle, Asylum Down ko Adabraka. Duk suna kusa da inda mota za ta sauke ki, kuma daga nan Nima da Kanda ba nisa. Kada ki biya sai kin ga ɗakin da idonki. Ki buɗe famfo ki ga ko ruwa na zuwa, ki gwada sakata, ki tambaya me suke yi in an ɗauke wuta, ki leƙa ko akwai mashaya a ƙasan benen, don kiɗan dare zai hana ki abin da kika zo nema. Ki riƙe katin shaidarki. A Circle kuma waya cikin jaka, jaka a gaba.

Daren Talata kada ki je ko'ina mai nisa. Ki yi wanka, ki yi salla, ki fita bakin titi ki nemi mai kelewele, agadar nan da ake yankawa ƙanana a cakuɗa da citta da barkono a soya, a haɗa miki da gyaɗa. Ki dawo ki kwanta. Na san ƙarfe uku idonki zai buɗe da kansa. Ki juya ki koma barci, ba wutar da ke jiran ki.

Ga doka ɗaya da nake so ki riƙe: unguwa ɗaya a rana, babban abinci ɗaya a rana. Akra gari ne mai cin lokaci a kan titi. Wanda ya ce zai karya a Madina, ya ci na rana a Jamestown, ya ci na dare a Tema, a torotoro, motar haya ta cikin gari, zai yi hutunsa. Ciki ma ba ya son gaggawa. In kika cika shi da fufu da hantsi, kin kashe sauran yinin. Ki ci kaɗan-kaɗan da safe da yamma, ki bar wa abincin da kika fito dominsa wuri.

Laraba ki fara da gida, wato Nima, don ki saba da garin cikin harshenki. Koko mai citta da kanumfari da ƙosai mai zafi, ko pinkaso in kin samu wadda ke soyawa a gabanki. Daga nan ki shiga kasuwa a hankali. Ita kasuwar Nima ta yi suna wajen hatsi da kayan yaji: buhunan gero da wake, kimba, masoro, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, albasa tuli-tuli. Za ki ji Hausa iri-iri, ta Nijar, ta Arewacin Najeriya, tamu ta nan, ga Zabarmanci da Fulatanci da Kotokoli a tsakani. Na san hannunki zai yi ƙaiƙayi ki fara taya buhun wake. Ki tuna ba sari kika zo ba. In rana ta take ki nemi burkina mai sanyi, geron nan da nono, ko lamurje, ki samu benci a inuwa.

Waakye fa? Ki ci sau ɗaya, don na san ba za ki iya wuce ta ba. Amma ki ci a matsayin mai saye. Kada ki tsaya kina lissafin karan dafi nawa ta sa, ko kanwarta ta yi yawa, ko shitonta, baƙin yajin nan, bai ji wuta ba. Ki ce a sa miki taliya da gari da ganda da ƙwai, a naɗe a ganye, ki zauna ki ga yadda abin yake daga wannan ɓangaren teburin. Shekaru kina kallon fuskokin masu layi, ba ki taɓa tsayawa a cikinsa ba. Bayan wannan kada ki ƙara kusantar waakye ko tuwon zafi har ki koma. Ba ki yi tafiyar awa biyar don ki ci abin da ke Aboabo ba.

Da la'asar, in ƙafa ba ta gaji ba, Sabon Zango na nan ta yammacin gari, unguwar da Malam Baƙo ya kafa fiye da shekara 100 da suka wuce. In ta gaji, ki koma ɗaki ki yi ƙailula. Barcin rana ma yana cikin abin da kika biya wa kuɗi. Bayan magariba tsire ya ishe ki, mai ƙuli-ƙuli da albasa.

Alhamis ita ce ranar da kika zo dominta. Abin da Akra ke da shi wanda Kumasi ba ta da shi teku ne, kuma abincin Ga daga teku ya fito. Ki tafi Jamestown da hantsi, wajen dogon hasumiyar nan mai fenti ja da fari, ki hango jiragen masunta. In faɗa miki gaskiya, bakin ruwan wajen ba mai tsafta ba ne, kuma samari za su tare ki su ce za su zagaya da ke. In kina so ku daidaita kuɗi tun farko, in ba ki so ki ce na gode ki wuce. Ba kallo ne ya kai ki ba, dokunu ne.

Kin san dokunu a Kumasi, amma ki ci shi a garinsa. Na Ga a bawon masara ake naɗe shi, da gishiri, da ɗan tsami, saɓanin na Fante da ake naɗewa a ganyen agada. Ana jiƙa masara, a niƙa, a bar ƙullun ya kwana biyu ko uku ya yi tsami, a dafa rabi a haɗa da ɗanyen rabin, sannan a naɗe a dafa na sa'o'i. Ki nemi wadda ke ciro shi daga tukunya yana tururi. A ba ki soyayyen kifi na ranar, da yaji kala uku: ja na tumatir da albasa da aka niƙa ɗanye, kore na ƙaramin barkonon nan kpakpo mai ƙamshi, da baƙin shito. In akwai jatan lande ko ƙananan kifin nan da ake soyawa ƙayau, a ƙara. Ki wanke hannu ki ci da hannu, ki ci a hankali. Koren yajin ki fara da kaɗan. Ƙamshinsa yana yaudara.

In kika ga murhun laka mai faifan waya jere bisa juna ana banda kifi, ki tsaya ki duba, ke mai sana'ar wuta ce. Wannan murhun a Chorkor aka fara shi a 1969, nan yamma da Jamestown, kuma saboda yana rage cin itace ya bazu har wasu ƙasashen Afirka da sunan unguwar.

Yanzu batun halal, wanda tsoronki a kansa yana da tushe. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, abin da ke rayuwa a teku halal ne, kifi da ƙaguwa da jatan lande duka, don haka ranar teku ranar kwanciyar hankali ce. Momoni da koobi da za ki ji warinsu a miya kifi ne mai gishiri, ba komai. Inda za ki sa ido shi ne miya a gidajen fufu da banku na wajen zango, don akwai masu jefa ƙafar alade mai gishiri a miyar kuɓewa ko ta kwakwar manja saboda ɗanɗano, kuma ba lallai ki gan ta a kwanonki ba. Ki tambaya kai tsaye kafin a zuba, ba wanda zai ji haushi, sun saba da Musulmi. Kalmar da za ki riƙe ita ce domedo: gasasshen alade ne, kuma kasuwar dare ta Osu ta shahara da shi. In kin je can ki duba ko wuƙa da wayar gashi ɗaya ake amfani da su. Ni a wurina sauƙin abin shi ne nama a zango, kifi a bakin teku.

Abin sha ma haka. Kwakwa da aka sare a gabanki ba ta da abokiyar gasa a zafin Akra, ki sha ruwan, ki ba shi ya fasa miki ki kankare na ciki. Sobolo kin san shi. Ki gwada asaana, ruwan masara da ƙonannen sukari da mata ke sayarwa a babbar ƙwarya da ƙanƙara. Pito da bammi da akpeteshie giya ne, haka kwalaben nan masu ɗaci da ake tallatawa kamar maganin gargajiya, da yawansu akwai barasa a ciki. A wurin da ake sayar da giya, in kin nemi lemo ki ce a kawo a rufe. Tsaftar abinci kuwa ba ni zan koya miki ba. Kin fi ni sanin mai juya miyar jiya.

Bayan dokunu ki huta, sai da yamma ki ɗauki mota zuwa bakin ruwan Labadi. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ranar aiki ba cunkoso ba hayaniya kamar Asabar da Lahadi. Ki kama kujera, ki cire takalmi, ki sa ƙafa a ruwa iya idon sawu. Kada ki wuce haka, igiyar ruwan tana da ja. In akwai sauran wuri a ciki, banku da gasasshiyar karfasa ne abincin daren. In kuma kina so sau ɗaya a rayuwa ki zauna inda ake kawo takardar jerin abinci da mai hidima a tsaye, titin Oxford a Osu cike yake da su, har da na Labanawa masu naman halal. Ki tambaya ko farashin ya haɗa da haraji kafin ki yi oda, kada lissafi ya ba ki mamaki.

Kunyar cin abinci ke kaɗai za ta ɗauke ki minti biyar na farko ne kawai. Ki tuna masu zama a bencinki kowace safiya. Nawa ne cikinsu suka zo da rakiya? Kin taɓa cewa wance ba ta da kowa don ta ci ita kaɗai? Ke dai kuɗinta kika karɓa kika ce a dawo lafiya. Haka za a yi miki. Ki zaɓi wurin da za ki iya kallon titi, kada ki buɗe waya, in wata ta yi miki bismilla ki amsa, hira ta ɗauke ku in ta ɗauke ku.

Juma'a ki karya da abu mara nauyi, masa ko shayi da burodi, ki haɗa kayanki, ki tafi babban masallacin ƙasa da ke Kanda da wuri don ki samu wuri a ɓangaren mata. An buɗe shi a watan Yuli 2021, Turkawa ne suka gina shi bisa fasalin masallatan Istanbul, da ƙubbobi da hasumiya huɗu. Ki ba kanki lokaci ki kalli cikinsa kafin jama'a su cika. Daga nan sai Madina. Kada ki yi tunanin kama hanyar Kumasi da yammacin Juma'a, lokacin ne duk masu zuwa jana'izar ƙarshen mako suke fita daga gari. Ki kwana wurin ƙanwarki, ki ci abin da ta dafa, ko gishiri ya yi yawa ki ce ya yi daɗi, ki shiga motar asubar Asabar.

Kuɗi ba zan faɗa miki adadi ba, farashin Akra ba ya zama wuri ɗaya. Ki raba abin da kika ware kashi uku: ɗaki, ciki, mota. Kuɗin komawa ki bar shi a momo, asusun kuɗi na waya, kada ki taɓa, ki riƙe canji ƙanana don torotoro da masu talla. Da dare ki kira mota ta waya, Bolt ko Yango, ya fi miki tsayawa bakin titi. Abin da ke cinye kuɗin irin wannan tafiya tsaraba ce. In kika biye wa lissafin wa zai ji haushi, rabin adashin a kasuwar Makola zai ƙare. Ki yanke tun daga gida: cakulan Golden Tree na Tema ga yara, turare ko hula ga yayanki, burodin Nsawam in mota ta tsaya a hanya. Maƙwabtan da suka ce miji kike nema, gaisuwa ta ishe su.

Saura rumfa. Ki bar wa babbar 'yarki ita, ki auna mata shinkafa da wake na kwanakin, ki rage yawan abin da ake dafawa don kada ya kwana. Wasu masu saye za su ce hannu ya canja. Za su dawo, kwana huɗu ba ya korar wanda ya shekara goma yana cin abincinki. Ku yi da ita cewa waya sau ɗaya ce a rana, bayan isha'i, sai in wani abu ya faru. Ki ba ta lambar masaukin, ki ba yayanki ita ma. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya. In kin dawo ki rubuto mini ko koren yajin ya sa ki hawaye.

Anti